Bidiyon da Ladan Ya Kasa Gogewa

Gab da magariba ina haɗa kayan gyaran waya a shagona na kasuwar Wara, sai ga Ladan mai jirgin ruwa, gumi sharkaf. Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa, yau har da "ranka ya daɗe".

"Faruk, goge min bidiyon ga. Na goge ya dawo, na sake ya dawo."

Na ce, "Wayarka tana aje komi can intanet. Abin da ka goge kwandon shara shika zuwa. Manhajar ajiya kau har kwandon takan kwafa, sai ta maido ma."

Na buɗe bidiyon. Shi ya ɗauka da kansa, yana fariyar jirginsa ya cika maƙil. Sai igiyar ruwa ta taso, wayar na reto a wuyansa. Ga Hansatu mai kifi, maƙwabciyarmu, ta faɗa ruwa ta riƙe gefen jirgi tana salati. Jirgin ya karkata. Ladan ya sa gora ya doke mata yatsu, ta nitse.

Mu kuwa ce mana aka yi ba wanda ya ga faɗuwarta. Raina ya ɓaci, na ji kamar in shaƙe shi.

Ya raɗa mini, "Ka goge, ko kai ma ka sha ruwa."

Na kwashe kwandon. Na share ajiyar. Na cire layin.

Sai ƙarnin laka ya cika shagon.

Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga daga wayar.

Bidiyon ya dawo, ya kunna kansa. Wannan karon Hansatu ba nitsewa take ba. Hawowa take.

Karyayyun yatsu suka leƙo ta gilashin wayar, sanyinsu ya shafi hannuna.

Wata murya ta ce, "Ladan, miƙo min hannu."

Na tsallake teburi, ban tsaya ba sai masallaci.

Da muka dawo da jama'a, babu Ladan, sai wayar a ƙasa. Washegari na duba kwandon sharar. Bidiyo ɗaya ne a ciki: Ladan cikin ruwa, yana dukan gilashi, yana kiran sunana.

Manhajar ta tambaya ko a maido shi.

Na kwashe kwandon. Wannan bai dawo ba.