Dutsen Da Ya Tokare Taya

Yayana Salmon ne ya sayo wata tsohuwar mota a birnin Windhoek, ya dage sai ya kai ni da Kaka kallon faɗuwar rana a kwazazzabon Kogin Fish. A can Kaka ta girma, amma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa shekara da shekaru.

Kun san tarin duwatsun nan na kakanni a bakin hanya, wanda duk mai wucewa ke ƙara nasa? To akwai ɗaya dab da inda muka tsaya. Na jefa biyu, nawa da na Kaka, don ita tana mota.

Motar ba birkin hannu, ga gangare har bakin rami. Salmon ya ɗauko dutse ya tokare taya. Ni ban ma lura daga ina ba.

Na ƙwala sunana cikin ramin, ya dawo sau uku. Salmon ya ƙwala nasa. Shiru.

"Oga mai mota, rami ma ya raina ka," na ce.

Sai iska ta ɗauke. Wani wari ya taso kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Can ƙasa muka ji ƙwas, dutse kan dutse. Ƙwas. Ba faɗuwa yake ba fa, hawowa yake.

"Salmon."

Muryar Salmon ɗin ce sak, amma ba daga bakinsa ba. Daga bayanmu.

Kaka ta leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan nan, ina ka samo dutsen taya?"

"Kaka, dutse ne fa kawai..."

"Na mai tarin nan ne. Mayar masa. Yanzu."

Ya murɗa makulli, mota ko tari. Ya taka birki, birkin ya nutse. Na duba wani dutsen da za mu sa, a wurin da ko'ina dutse ne, ko tsakuwa babu.

"Kaka, in na cire za ta gangara!" in ji Salmon.

"Ita ko kai."

Ƙwas. Dab da bakin ramin.

Muka ciccibo Kaka waje. Salmon ya fizge dutsen, ya ruga ya ɗora a tarin.

Motar ta gangara a hankali, ta leƙa, ta tafi.

Muka tsaya jiran ƙarar faɗuwarta.

Ba mu ji ba.

Goyon Kaka muka yi har ƙofar gandun dajin da kwazazzabon ke ciki. Wata takwas ke nan. Salmon lafiyarsa lau, sai dai yana cikin cin abinci sai ka ga ya ajiye cokali ya karkata kunne. Jiya na tambaye shi me yake saurare.

Ya ce, "Har yanzu ba ta kai ƙasa ba."