Agogo Marar Hajar

Ranar Asabar da hantsi Abdussalami ya shigo ofishin 'yan sanda na garin Hajj Abdalla. Sufeto Saifuddeen, wanda ake ce wa Janabu kamar kowane jami'i a nan, ya ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Agogona, Janabu. Na cire in yi alwalar Juma'a a tsakar gida, na waiwaya babu shi."

"Don agogo ka taso tun daga ƙauye?"

"Shekara sha tara ina tuƙi a Jidda, duk gumina yana cikinsa. Na Suwis ne, mai tambarin kambi. Kuɗinmu kullum faɗuwa suke yi, shi kuwa sunansa kaɗai ɗaga shi yake yi. Matata Widad tana kwance, ciwon ƙoda. Laraba za mu tafi Bur Sudan in sayar a yi mata aiki."

Sufeton ya bar ba'a. Ya san irin kwanciyar nan, ya san kuma inda take ƙarewa idan aka makara.

A ƙauyen ya tarar da Iya, mahaifiyar Abdussalami, tana tsintar waken suya a bakin ƙofa.

"Baƙo bai shigo ba, ɗana," in ji ta. "Sai autana Yakubu da ya zo aron fartanya."

Yakubu ya rantse bai bar gona ba sai da aka tada iƙama. Sufeton ya rubuta. Aikin nan ya koya masa cewa rantsuwa ta fi albasa araha.

Ranar Litinin ya dawo, ya zaunar da wa da ƙane a gindin dalbejiya.

"Malam Yakubu, kai me ka gani a agogon nan?"

"Ni? Suna kawai Yaya ya saya. Na kasuwar Managil ma lokaci ɗaya suke faɗi. Wannan ko hajar ɗinsa ya mutu, a tsaye yake cik."

Hajar shi ne batir a bakin mutanen nan. Abdussalami ya ɗago kai a hankali.

"Ba ya cin hajar, Janabu. Motsin hannu ke tafiyar da shi. Ba ya tsayawa sai ya kwana biyu a ajiye."

Sufeton ya rufe littafinsa. "To a hannun wa ya kwana biyun, Yakubu?"

Yakubu ya ce, "Ni na riƙe gona da Iya shekara sha tara. Yaya ya dawo da kuɗin gida guda ɗaure a hannu, ni ko jaki ba ni da shi."

"Yana ina?"

"Da ya tsaya na sa wuƙa na ɓalle bayansa. Ba wurin hajar, sai 'yan haƙora. Na ce jabu ne, an cuci Yaya. Jiya na jefa shi a babbar tur'a."

Aka sa masa ankwa. Hanyar mota ta bi ta gefen tur'ar, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, ga shi an sako ruwa. Abdussalami ya riga su isa. Yana ciki har ƙirji, da jallabiyarsa, yana lalubar laka da ƙafa.

Sufeton bai ce masa ya fito ba.