Sandar Zenón da Kujerar Nélida

Ranar da Nélida Tarqui ta fara zuwa ƙauyenmu, Wilaqota, a matsayin manajar aikin ban-ruwa, ta iske an shimfiɗa zannuwa a ƙasa, an zube dankali da cuku da wake, kowa na kai hannu. Ta tsaya da takalmanta na birni tana waige-waigen cokali.

"Injiniya, a nan hannu ake sawa," in ji wani saurayi, yana miƙa mata dankali mai zafi. "Ko sai kwamiti ya zauna ya amince tukuna?"

Ta harare shi, amma ta karɓa. Shi ne Zenón Callisaya, manomi mai bakin tsokana. Duk wanda ke wurin ya ga yadda ta cinye dankalin har ɓawo ba ta sani ba.

Aikin na wata ƙungiya ce ta ƙasar waje. Nélida ke tafiyar da shi, amma a samanta akwai kwamiti mai sa ido, kuma kujera ɗaya a ciki ta shugaban ƙauye ce. Mu kuwa shugabancinmu zagayawa yake gona-gona, kuma ba a ba tuzuru sandar mulki, miji da mata ne ke riƙe ta tare. Wanda layi ya zo kansa ya ƙi, gonarsa ta rasa rabon ruwa. Ga shi layin ya doso gonar mahaifin Zenón, tsohon kuma ƙafa ta ƙi, sai dai Zenón ya karɓa, shi kuwa tuzuru ne.

Nélida ta riƙa zuwa duba magudanar ruwa fiye da yadda magudanar ke buƙata. In ta koma birnin El Alto, waya ba ta barin hannunta, ita da Zenón sai musayar saƙo.

"Nelita, yau ruwa ya iso gonar dattijon nan Tata Eusebio. Ya yi kuka. Ni kuma ina ta kallon hanya ko motarki za ta ɓullo."

"Kai dai ba ka da aiki. Ka sa rigar sanyi, na ji kana tari."

"Tarin naki ne. Ki zo ki ɗauki abinki."

Ta karanta wannan a cikin mota ta yi dariya ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta matsa.

Mataimakinta Grover, wanda ya daɗe yana son kujerarta, wasu sun ce har da mai kujerar, shi ya tare ta a ofis.

"Kin san doka, shugaba. Manaja ba ta auren ɗan kwamitin da ke sa mata ido. Ko ke ki sauka, ko shi." Ya gyara tabarau. "Ni tausayinki nake ji. Mutumin nan sanda ce ta zo masa, mata yake nema ko wace ce. Ke ce dai kika faɗo a kan gaɓa."

Maganar ta shige ta. Ta kai kukanta gida, sai ta tarar da wata wutar. Mahaifiyarta Doña Rufina, mai sayar da barguna a kasuwa, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Na baro ƙauye da ke a goye don kada ki zauna a bayan namiji kina gyaɗa kai. Na sha sanyin kasuwa har kika zama injiniya. Yanzu ki ce min za ki ajiye ki koma? Ba da yawuna ba."

Daga nan Nélida ta daina amsa saƙo. Ba ta iya zama, ba ta iya cin abinci. Ta buɗe wayar, ta rufe, ta sake buɗewa. Son shi take yi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Saƙonnin Zenón kuwa sai shigowa suke ɗaya bayan ɗaya.

"Nelita, me na yi?"

"Kullakita, ƙanwata, ko zagi ne ki turo."

A ƙarshe ta rubuta: "Mata kake so ko ni? Ka nemi wadda za ta riƙe maka sanda. Ni ina da aikina."

Bai amsa ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mata da hankali.

Ranar taron miƙa sanda dole ta zo, don manaja ce. Ta gayyato uwarta don ta gani da idonta cewa magana ta mutu. Aka taru a filin makaranta, iska na kaɗa huluna. Shugaba mai sauka ya kira gonar Callisaya. Zenón ya miƙe, ya cire hula.

"Iyayena, ku gafarce ni. Ba zan karɓa ba."

Fili ya ruɗe. Mahaifinsa ya sunkuyar da kai.

"Ka san gonarku za ta bushe?" in ji shugaban.

"Na sani, Tata. Mace ɗaya nake so. In na karɓi sanda na aure ta, aikinta ya tafi. In na auri wata don sanda, na cuci mutum biyu. Gara a rufe mana ruwan."

Nélida ba ta san lokacin da ta tashi ba.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka yanke min hukunci?" Ta nuna Zenón da yatsa. "Ni na jawo ruwan nan daga dutse, sannan ka ce a hana gonarku saboda ni?" Ta juya ga shugaban. "Tata, matar shugaba tana da baki a kwamiti, ko rakiya take yi?"

Matar shugaban ce ta amsa, tana tauna ganyen koka, abin taunawar mutanenmu. "'Yata, tambayi mijina ko ya taɓa ɗaga hannu a ƙuri'a ban yarda ba."

Aka fashe da dariya. Nélida ta dubi Grover, wanda ya rako ta taron.

"Kujerar taka ce. Amma ka shirya, duk wata a gabana za ka tsaya ka yi bayani, kuma na san kowane bututu."

Zenón ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Nelita, aikinki fa."

"Ya yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba. Sandar shekara ɗaya ce, zan nemi wani aikin. Kai ne ban san inda zan samo wani ba."

Doña Rufina ta hau mota ta koma El Alto. Har aka sa rana ba ta ɗaga waya ba. Ranar ɗaurin aure, a cocin San Isidro, Nélida ta yi ta waiwayen ƙofa har limamin cocin ya yi gyaran murya.

Sai da aka fito, ana zuba wa ango da amarya furanni a ka, sannan aka ga tsohuwar tana ratsa mutane da ƙunshi a baya. Ta kwance, ta fiddo mayafin shugabanci baƙi, saƙar hannunta, ta yafa wa 'yarta. Ta kama hannun Zenón ta ja shi har kafaɗarsa ta daidaita da ta Nélida.

"Nan za ka tsaya, ba gaba ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ke kuma ki buɗe baki a taron nan, ki faɗi har da wanda ni ban samu na faɗa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."