Wuyan Rigar Kaka Shige

Goshinta a manne da daɓen asibiti mai sanyi, tafukanta biyu a shimfiɗe a ƙasa, Tokiko ta kasa ɗago kai... Ba ta ganin komai sai takalman mutane, masu wucewa suna rage sauri don su ba idonsu abinci. Wayyo kunya! Macen da ta yi karatu har ƙarshensa, wadda jiya-jiya ɗalibai ke rusuna mata, yau ga ta a ƙasa kamar tabarmar bakin ƙofa.

"Ku yafe mini... don girman Allah ku yafe mini," take ta maimaitawa, hawaye na jiƙa daɓen.

"Mu yafe miki?" Ɗan Kaka Shige ne ya daka mata tsawa. "Uwata da ranta, tana numfashi, kika yi mata shigar gawa a gaban duniya! Ga ta can kwance ba ta san inda kanta yake ba. Ke ce masaniyar tufafi? Ko yaron goye ya san yadda ake rufe wuyan riga!"

Baffanta Farfesa Genzo, shugaban gidan tarihin da take aiki, yana tsaye a kanta, hannaye a baya. "Ƙara sunkuyawa," ya ce a sanyaye. "Na ɗauke ki kina marainiya, na ciyar da ke, yau kin shafa wa sunan gidan Awazu baƙin tukunya."

Allah sarki Tokiko! Tun tana 'yar ƙarama iyayenta suka rasu, ta tashi a gidan baffan nan a Kyoto, tana cin shinkafarta a ƙarshen tebur, tana saka kunce na 'yarsa Ruriko duk da ta girme ta. Ko da ta girma ta zama malamar tarihin sutura, sai ta ƙi bin hanyar da manyan malamai maza suka shata. Su alharinin matan fada suke nazari, da sunayen mazan da suka yi fice a zayyana. Ita kuwa tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: ina matan da suka kaɗa zaren, suka saƙa, suka rina, suka ɗinka har idanunsu suka mutu? Me ya sa babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a bangon gidan tarihi? Ta shiga ƙauyuka tana zama a ɗakin girkin tsofaffin mata, tana sauraronsu, tana karɓar rigunan aikinsu masu faci a kan faci. A jami'a har suna suka laƙaba mata, wai Malamar Tsummokara. Ruriko, wadda ita ma a gidan tarihin take aiki a ƙarƙashin ubanta, takan toshe hanci ta ce, "Yaya, yau kuma daga wace bolar kike? Ki taimaka ki riƙa wanka kafin ki shigo ofis."

Duk ta haɗiye. Daga ƙarshe hukumar gidan ta amince ta yi baje kolin kayan matan nan, har aka fara raɗe-raɗin ita za ta gaji kujerar baffanta idan ya sauka. Tun daga ranar Ruriko ta daina yi mata ko murmushin ƙarya.

Abin da ya fi komai daraja a baje kolin shi ne kimono, wato doguwar rigar gargajiya, na aikin Kaka Shige, tsohuwar masaƙiya daga gaɓar teku, wadda ta haura shekara casa'in. A cikinsa ta yi saƙa, a cikinsa ta goyi 'ya'yanta, ta cike bayansa da gabansa da ɗinkin farin zare, wani zane na furanni da ita ta ƙirƙiro abinta. Kafin ta ba da shi sai da ta sake tsoma shi a tukunyar baba, kamar yadda matan garinsu ke yi wa tsohuwar riga don ta ƙara ƙarko. "Ki yi hankali, 'yar nan," ta ce tana dariya da bakinta marar haƙora, "shunin bai gama kamawa ba. Duk wanda ya rungume ni sai ya tafi da shaida!" Da hannunta Tokiko ta sanya wa mutum-mutumi rigar, ɓarin hagu a kan na dama, yadda kowane mai rai ke sawa, ta lulluɓe shi da farin mayafi sai ranar buɗewa.

Ranar ta zo da zafin bazara mai sa gumi ya tsatso ko kana zaune. Zaure ya cika da baƙi da 'yan jarida, aka zaunar da Kaka Shige a sahun gaba. Tokiko ta yaye mayafin... Wuyan rigar a juye yake! Dama a kan hagu, shigar da ba a yi wa kowa sai wanda za a kai makwancinsa. Tsohuwa ta ƙura wa rigarta ido, ta ɗaga hannu tana nuni, sai ta sulale daga kan kujera.

A gaban hukuma Tokiko ta rantse har muryarta ta dishe cewa daidai ta sanya. Ruriko ta share hawayen munafunci ta ce, "Ni dai ko kusa da rigar ban taɓa zuwa ba, kowa ya san ba na taɓa tsummokaran Yaya. Gajiya ce ta yi mata yawa, ku tausaya mata." Aka rufe baje kolin, aka kori Tokiko. Jami'a ta karɓe ajinta, masu buga littafinta suka dawo mata da shi, jaridu suka buga hotonta goshi a ƙasa. Baffa ya sa aka fito mata da kayanta ƙofar gida. Kaka Shige ta farfaɗo, amma ta ce kada a sake ambata mata sunan yarinyar nan. Wannan ne ya fi komai ƙona zuciyar Tokiko. Aiki ya tafi, suna ya tafi, duk za ta iya jurewa, amma a ce tsohuwar da ta kira ta 'yarta za ta bar duniya tana ganin ita ta yi mata fatan mutuwa?

Ta koma can ƙarshen gari, ta sami aiki a shagon wata gwauruwa, Inna Fumi, mai wankin kimono irin na da: a warware ɗinkin gaba ɗaya, a wanke ƙyallayen, a shanya a kan katako, a sake haɗawa. Kullum tana ɗakin baya, fuska a rufe da ƙyallen hanci ko ba ta mura, don kada wani ya gane ta. Idan ta kunna turare a gaban hoton iyayenta sai ta kasa kallonsu. "Inna... Baba... na ba ku kunya. Ya Ubangiji, kai ka ga hannuna ranar nan, kada ka bar ni haka!" Har ta kai wani lokacin takan tsargi kanta: anya ba ita ɗin ce ta kuskure ba?

"Ke, ci abinci!" Inna Fumi kan ce, ta dangwarar mata da kwanon miyar waken soya. "Hawayenki ba ya fitar da datti, da tuni na daina sayen sabulu."

Bazara ta zagayo. Wata safiya Tokiko ta ji wata murya a gaban shago da ta sa almakashi ya faɗi daga hannunta. Matar baffanta ce! "A can ƙasan akwatin Ruriko na tsinto shi, ta cusa shi kamar kayan sata," take ce wa Inna Fumi. "Yaran yanzu! Alharini mai tsada haka. A wanke mini shi kafin bikin naɗa ta shugabar gidan tarihi, ina so in ba ta mamaki."

Da matar ta tafi, Tokiko ta buɗe ƙunshin. Kimono ne ruwan madara, wanda Ruriko ta saka da safiyar ranar buɗe baje koli, ta sauya shi kafin taro. Cikin hannayensa biyu duk shuni! A ƙirjinsa kuma, inda gumi ya jiƙa alharinin, ga tabo shuɗi, a cikin tabon ga sawun furanni fari-fari, layi bayan layi... Ba a sake wa mutum-mutumi riga sai an rungume shi. Ashe Ruriko ce ta juya wuyan rigar!

Ta durƙushe tana kuka kamar ranta zai fita. "Inna, yaya zan yi? A gidansu na tashi... shinkafarsu na ci. In tona musu asiri?"

"Shinkafar da kika biya da goshinki a daɓen asibiti?" Inna Fumi ta fizge ƙunshin ta ɗaure. "Tashi, sakarya! Wallahi ruwa ba zai taɓa rigar nan a shagona ba."

Ba wurin hukuma Tokiko ta nufa ba, jirgin ƙasa ta hau zuwa gaɓar teku. Ɗan Kaka Shige ya tare ƙofa, ita kuwa ta durƙusa a tsakar gida cikin rana, ta ɗaga rigar sama da hannu biyu. Can sai ga tsohuwa ta leƙo tana dogara sanda. Ta karɓa, ta kai tabon dab da idonta, ta bi sawun furannin da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ɗinkina ne," ta ce a hankali. "Babu mai irinsa a duniya. Rigar wa ce?"

"Ta ƙanwata ce, Kaka..."

Sandar ta faɗi. Tsohuwa ta rungume kan Tokiko tana kuka. "Wayyo 'yata! Ni ce da kunya, ni da na rufe miki ƙofa. Ɗago kanki... na ce ɗago!"

Ranar naɗin Ruriko, zauren nan dai ya sake cika. Ana tsakiyar tafi sai ga Kaka Shige a keken marasa lafiya, ɗanta na tura ta, Tokiko na biye. Tsohuwa ta warware kimonon ruwan madara a gaban 'yan jarida, ta ce a fito da rigarta daga ma'aji a gwada. Aka ɗora tabo a kan ɗinki, fure ya hau kan fure.

"Ke 'yar gayu," ta ce da Ruriko, "kin ce ba ki taɓa zuwa kusa da tsummana ba. To yaushe muka yi wannan rungumar?"

Ruriko ta dubi ubanta, ya kawar da kai. Ta zube, goshi a ƙasa, tana kururuwa: "Kujerar nake so! Baba ya sani... shi ya ce in yi shiru!" Kafin mako ya ƙare an kore ta, Farfesa Genzo ya ajiye aiki ya bar garin, ba wanda ya raka shi tasha.

Aka mayar wa Tokiko ajinta da littafinta, aka damƙa mata gidan tarihin. Ranar da aka sake buɗe baje kolin, sunayen masaƙa da marina mata sun cika bango tun daga sama har ƙasa. Amma Kaka Shige ta ƙi yarda a sanya wa mutum-mutumi rigarta.

"Ni zan saka abata, ai ban mutu ba," ta ce, ta buɗe hannayenta. "Zo ki rufe mini wuya, Malamar Tsummokara."

Tokiko ta matso a gaban dubban idanu, ta ɗora hagu a kan dama, ta rungume tsohuwar ta ɗaure ɗamara. Da ta ja da baya sai ga farar rigarta duk shuni. Ta dube shi tana dariya tana hawaye... Wannan rigar kam, Inna Fumi ta yi ta mita har ta gaji, Tokiko ba ta taɓa bari an wanke ta ba.