Hoton da Ya Yi wa Orsola Kuka

Wata bakwai ke nan da binne Zanobi, mai zanen majami'u na birnin Siena, kuma tun ranar 'yarsa Orsola ba ta san hutu ba. Baffanta Bindo ya gaje shagon, ya kore ta daga ɗakinta, ya durƙusar da ita gaban dutse tana niƙa launi har tafin hannunta ya tsattsage. Uwa ta rasu tun tana goye, ga uba ya bi... wa za ta kai wa kuka? Abin da ya fi ci mata rai shi ne Bindo ko kunnen mutum bai iya zanawa ba. Ita ya sa ta ƙarasa babban hoton Maryama da mahaifinta ya bari, in baƙi sun zo kuwa ya tsaya da buroshin fenti yana karɓar yabo. Kusurwa ɗaya kawai ya taɓa da hannunsa, ta ƙasa, ya shafe ta da baƙin fenti, ya ce kada ta kusance ta.

Mutum ɗaya ne ya damu da ita, Lapo kafinta, wanda ya sassaƙa allon hoton. Kullum sai ya ƙirƙiro dalilin zuwa, da ɓaure a aljihu da man zaitun don hannuwanta.

"Kafinta, har yau ba ka gama auna allon nan ba?"

"Allo na gama tuni, mai allon ce ban gama kallo ba."

Sai ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye na ɗiga cikin launin.

Ranar da aka kafa hoton a majami'a, ƙararrawar tsakar rana na bugawa, sai ruwa ya fara gangarowa daga idanun Maryama. Washegari ma haka, kuma kullum hawayen wajen baƙar kusurwar suke nufa, suna busar da kansu kafin su kai gare ta. Bindo ya tsorata. Ya ruga gaban alƙali ya rantse cewa yarinyar mayya ce, da maitarta ma ta kashe ubanta. Wayyo marainiya! Aka ja ta a titi ana jifanta, maƙwabtan da suka ci abinci a gidansu suna tofa mata yawu. Lapo ya tare ta da jikinsa har aka fasa masa goshi. Kwana tara tana kulle tana roƙon Allah ya bayyana gaskiya, Lapo na zaune bakin tagar kurkukun yana ce mata ko duniya duka ta juya baya, shi yana nan.

Alƙalin ya ce sai ya gani da idonsa. Aka kawo ta majami'a a ɗaure, gari ya cika maƙil. Ƙararrawa ta buga, hawayen suka zubo fiye da kullum, suka wanke baƙin fentin kamar ana goge shi da hannu... sai ga zanen Zanobi na ƙarshe, wanda ya yi da ragowar ƙarfinsa: shi kansa kwance a gado, Bindo a tsaye yana zuba garin guba mai ruwan ɗorawa a kofinsa. Orsola ta ji an dafa kanta a hankali, irin dafawar mahaifinta, alhali babu kowa a bayanta.

Bindo ya zube ƙasa yana ihu wai a janye ɗan'uwansa daga kansa, ya faɗi komai da bakinsa. A kurkuku ya ƙare kwanansa. Aka mayar wa Orsola shagon, masu jifa suka dawo neman gafara, ta yafe musu.

A gaban hoton aka ɗaura aurenta da Lapo. Ta ɗaga kai ta ce a hankali, "Baba, ka huta yanzu. Na samu mai riƙe ni."

Ƙararrawa ta buga, idanun Maryama a bushe.