Mai Kiwon Ƙwayoyin Teku

Ranar da Safara'u ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, cikin 1976, ta tarar da farantan gilashi goma sha biyu a kan benci, abin da ke cikinsu duk ya narke. Ita kuwa ba ta iya ganin ƙazanta ta wuce. Ta naɗe hannun riga ta wanke sha ɗaya tas.

Tana ɗaukar na ƙarshe wani ya riƙe bakin farantin. Almu ne, ma'aikacin da bai daɗe da dawowa daga kwas a Legas ba.

"Baiwar Allah, mi na yi maki?"

"Sun lalace ne, Malam."

"Ai lalacewar nika jira, yau wata ukku."

Ya so ya yi fushi, da ya dubi idanunta sai fushin ya ƙi zuwa. Ya ce mata abin nan sunansa aga, daga ciyawar teku ake tatso shi, yana daskarewa kamar romon ƙafar saniya da ya huce. Ƙwayoyin halitta na tudu ba sa iya cinsa. Amma waɗanda ya ɗebo a ruwan tekun Legas suna fitar da wani sinadari, inzayim, mai yanyanka shi har ya koma ruwa. A kansu yake bincike.

Ta fita a kunyace. Washegari ya tsinci takarda a aljihun farar rigarsa:

"Ɗan Teku, ka yafe mani. Ban taɓa ganin mai murna da abinsa ya narke ba."

Ya mayar mata:

"Tauraruwata, na yafe. Tun jiya wani abu ke narkewa a ƙirjina, kuma ba aga ba ne."

Kafin damina ta wuce, Almu ya san duk lungunan Ƙofar Sauri, unguwar su Safara'u. Sonta yake yi sosai, ita ma haka.

Sai Bala, wani direba da ya daɗe yana zarya ƙofar gidan da sabon babur ɗinsa ƙirar Basfa ba a kula shi, ya je ya gai da Hajo, mahaifiyar Safara'u. A wajen sallama ya ce, "Inna, kin san yaron nan ƙwayoyin cuta yake kiwo? Har abinci yake dafa masu."

Hajo ce mai magana a gidan tun rasuwar maigida. Ta ce, "Ba ni ba mai kiwon cuta ɗiyata. Kada in sake ganin shi a zauren nan."

Matsalar ita ce Bala bai yi ƙarya ba. Duk Katsina sunan ke nan da aka san irin waɗannan ƙwayoyin da shi, masu cutarwa da marasa cutarwa. Almu ya rame, ya rasa kalmar da zai wanke kansa da ita.

Wata safiya Safara'u na taya Hajo buɗe kwandon daddawa, sana'ar gidansu, ta ga kalwar da aka dafa aka rufe shekaranjiya ta yi laushi tana yauƙi. Ta tsaya cak.

"Ɗan Teku," ta rubuta, "wa ke narkar da kalwa a cikin kwando? In abin da nake zato ne, ka zo gobe da hantsi. Na roƙi Inna ta ba ka minti biyar."

Ya zo, ya durƙusa, farantinsa a rufe a hannu.

"Inna, in kin rufe kalwa, wa ke shiga ya tausasa ta?"

"Ikon Allah."

"Haka ne. Amma Allah ya sa wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani su yi aikin. Naki kalwa suka iya ci, nawa ciyawar teku. Ba su taɓa kwantar da kowa ba."

Hajo ta dubi farantin, ta dubi kwandonta. Can ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Ashe ni ma kiwon nika yi shekara talatin ban sani ba! Tashi, ɗana. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Hajo ta riƙe hannuwansu biyu, hawaye na zubo mata.

"Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Almu, ga Safara'u nan. Ba baƙo na ba ita ba, abokin sana'ata na ba."