Odar Ruwa Daga Ma'aikatar Ƙanƙara

Maganin ciwon ƙafar mahaifiyarta ta manta a aljihun tebur, shi ya sa Auta ta koma ofis dab da magariba. Maigadin kamfanin yana alwala a gindin famfo. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ta yi sauri, wannan ba lokacin zaman mutum shi kaɗai a ɗaki ba ne. Ta ce to Baba, ta wuce tsakanin tankokin ruwan da aka jera a haraba.

Auta ce ta gina wa kamfanin shafin intanet ɗin da ake odar ruwa. Mai so ya cike fom a wayarsa, ya zaɓi wuri, ya danna koren maɓalli. Daga nan odar ta tafi saba, babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, ita kuma ta duba direban da layi ya zo kansa ta tura masa taswira. Direba ba ya ganin sunan wurin, shuɗin layi kawai yake bi. Manaja ne ya ce a yi haka, wai don kada direbobi su riƙa zaɓen unguwa kamar masu zaɓen tumatir.

A cikin jerin wuraren akwai tsohuwar ma'aikatar ƙanƙara, can bayan gari. Ta daɗe a rufe, ko kare ba ya kwana cikinta, amma a watan jiya oda ta fara zuwa daga can. Direban da ya fara kai ruwa ya dawo da tanka wayam, leɓunansa sun yi baƙi, har yau bai ce uffan ba. Wanda ya bi bayansa ma tankar kawai aka samu a bakin ƙofar ma'aikatar, inji yana aiki, kujera a jiƙe.

Manaja ya ce ta cire wurin. Ranar tana sauri, sai ta rubuta ɗan umarnin da ke gudana a burawuzar mai oda, wato manhajar da ke buɗe masa shafin a wayarsa: da an zaɓi ma'aikatar, koren maɓallin ya dushe, ya ƙi dannuwa. Manaja ya gwada ya gani, ya yaba. Saba kuwa ba ta taɓa ta ba. Ta san sarai labule ta rataya a inda ya kamata ta sa ƙofa, ta dai ce gobe za ta ƙarasa. Masu wannan sana'a in sun ce maka gobe, ka nemi wurin zama.

Da ta buɗe ofis, sanyi ya dake ta. Na'urar sanyaya ɗaki a kashe take. Wani wari ya cika wurin, irin na firijin da aka ɗauke wa wuta ya kwana a rufe.

Kwamfutarta a kunne take. Ita kuwa da hannunta ta kashe ta.

Shafin odar ne a buɗe. An cike fom, an zaɓi ma'aikatar ƙanƙara, an bar wurin suna babu komai. Maɓallin ya dushe yadda ta umarce shi. Tana tsaye tana kallo, ya lotsa ciki, kamar an ɗora masa yatsa.

Ƙit.

Shafin ya juya, ya dawo da rubutu: an karɓi oda, an tura direba. A ƙasa lambar tanka ta fito, da hoton direban.

Yayanta ne.

Yayan da ya goya ta tana ƙarama, wanda yake tsokanarta da injiniyar kujera, wanda matarsa ke da tsohon ciki yanzu haka. Ta ciro waya ta kira shi. An ɗauka, amma ba muryarsa ta ji ba. Ɗigar ruwa ce a cikin wani wuri mai faɗi, ɗis, ɗis, ɗis.

Tsoro ya kama ta, babu ƙarya. Sai dai Auta tun tana yarinya in ta tsorata haushi take ji, kuma duk gidansu an san taurin kanta. Ta ja tsaki, ta janyo kujera, ta shiga shafin ma'aikata ta soke odar. A taswira ɗigon tankar Yaya ya tsaya.

Ƙit. Wata odar ta shigo, ɗigon ya ci gaba.

Ta soke. Ta sake shigowa. Ta kai linzamin kwamfuta za ta soke, sai maɓallin sokewar ya dushe a gaban idonta. Umarnin da ta rubuta da hannunta aka juya mata. A wurin da jan rubutu kan fito ya ce wa mai oda ya manta lambar waya, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Muna jin ƙishi.

Nan ta gane. Duk abin da ke cikin burawuza na wanda ke riƙe da ita ne, ya ga dama ya ɗage labule ya wuce. Can ciki kuwa, umarnin da ke tashi a saba idan an danna maɓalli ba ya tambayar kowa komai. Duk odar da ta iso, hannu biyu yake karɓa.

Ta yi tunanin zare wayar wuta gaba ɗaya, ta fasa. Taswirar ta riga ta shiga wayar Yaya, kuma saba ce kaɗai za ta iya janye ta. In ta kashe ta, shuɗin layin nan zai bi har ƙofar ma'aikatar.

Ta dubi ƙofar ɗakin baya. Ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashinta.

"To, bismillah," ta ce a hankali.

Hannun ƙofar ya manne mata a tafi don sanyi. Ɗakin ƙarami ne, babu taga, daga saba a kan ƙarfenta sai ɗan allo da madannai da kujerar roba. Kullum fankokin saba suna kuka a nan, yau kukan ya yi ƙasa, ya koma kamar numfashin mai barci. Ruwa ya rufe daɓe. Akwatin soket ɗin da ke ba komai wuta yana rataye a bango, tazararsa da ruwan ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Ta hau kujerar ta tsuguna, ta janyo madannai.

Ƙofa ta rufe a bayanta.

Ba ta waiwaya ba. Ta buɗe fayil ɗin maɓallin, ta gangara wurin da ake karɓar oda. Yatsunta sun sandare, tana buga harafi tana gogewa. In wurin da aka zaɓa ma'aikatar ƙanƙara ce, kada a nemi direba, kada a tura taswira, a mayar da odar inda ta fito.

Wani abu ya tsaya a bayanta. Ta ji nauyinsa a iska. Numfashinsa ya sauka a ƙeyarta, mai sanyi, mai warin tsohon ruwa.

"Tanka ɗaya," aka raɗa mata. Muryar kamar ta mutane da yawa ce a maƙogwaro guda. "Shi kaɗai. Mu ƙyale ki."

Ta ci gaba da buga madannai, ta amsa.

"Ba da yayana ba."

"Ke kika bar mana a buɗe."

"Ni ce kuma zan rufe."

A kusurwar allon, ɗigon tankar ya bar babban titi ya kama hanyar bayan gari.

Ruwa ya taɓa ƙafar kujera, ya hau.

Saura saƙon da saba za ta mayar wa mai odar. A ƙa'ida ana rubuta abu mai ladabi, a yi haƙuri, a sake gwadawa. Auta ba ta da haƙurin da za ta ba kowa a ranar. Ta rubuta: Ba a kai ruwa nan, kuma ba za a kai ba.

Yatsu suka kama wuyan hannunta na hagu. Dogaye ne, sun zagaye shi har sun haɗe. Sanyin ya ratsa ƙashi ya hau kafaɗa.

Ta karanto abin da ya zo bakinta na addu'a, ta ƙarasa da hannun dama. Ta adana. Ta sake tayar da shafin.

Allon ya yi baƙi.

Ɗis.

Ɗis.

Ya dawo.

Ba ta bi ta burawuza ba wannan karon. Daga cikin saba ta goge odar kai tsaye.

Ƙit. Sabuwa ta iso, aka mayar da ita. Ƙit, ƙit, ƙit, suka yi ta zuwa kamar ruwan sama a kan kwano, saba tana mayar da su da amsa ɗaya. Ɗigon tankar ya tsaya cak. Katangar ma'aikatar tana gabansa kaɗan.

Abin da ke bayanta ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta ba, fitilar ɗakin ta fashe. Ruwan ya kusa lasar soket. Ta fizge hannunta, ta ji fata ta tsage, ta taka ƙarfen saba ta daki ƙofa da kafaɗa. Ba ta buɗe ba. Ta sake duka da duk ƙarfinta, ƙanƙarar da ta liƙe ta ta tarwatse, Auta ta zube a tsakar ofis.

Maigadi ne ya ja ta waje. Ya ce shi bai ji komai ba sai faɗuwarta. Da suka leƙa ɗakin baya da tocila, daɓen a bushe yake ƙayau, saba tana ta kukanta na kullum.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, yana faɗa. Wai wane irin shirme ne wannan, taswira ta kawo shi jeji ta ɓace, ga wani ƙaton gini a gabansa duk fitilu a kunne, har wasu suna ɗaga masa hannu daga ƙofa.

"Yaya, kada ka sauka," ta ce. "Kada ka amsa musu. Juya motar."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakin autarsu ba. Sai ta ji ƙarar giyar mota, inji ya ɗauka.

Washegari Manaja ya ce a rufe shafin baki ɗaya, a koma karɓar oda ta waya. Auta ta ƙi. Ta ce in aka rufe wannan ƙofar wata za su nema, gara wadda ta san makullinta. Tun daga ranar duk sharaɗin da ta sa a burawuza sai ta sa ɗan'uwansa a saba, ko da na lambar waya ne.

Matar Yaya ta sauka lafiya, an samu mace. Auta da hannun dama take ɗaukarta, don na hagun bai ƙara yin ɗumi ba, kuma jaririyar tana tsala kuka in ya taɓa ta.

Odar ba ta daina zuwa ba. Kullum dab da magariba sai ta iso, saba ta mayar da ita. Abu ɗaya ne ya canza: wurin sunan da a da ake bari babu komai, yanzu ana cike shi da cikakken sunan Auta, har da na kakanta.

Ranar da ta fara gani ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta janyo madannai da hannu ɗaya, ta ƙara layi a ƙarƙashin amsar da saba ke mayarwa: Na gani. Gobe ma ina nan.